Ƙagaggun Labaran 'Yan Katolika, Da Yadda Ya Kamata A Karanta Su

A cikin watan Agusta na shekarar 2024 fadar Batikan ta bayyana wata wasiƙa ta marigayi Fafaroma Francis, wadda ya fara rubutawa da nufin ɗaliban da ake yi wa tarbiyya domin su zama limaman coci, daga baya ya ga ya kyautu ya faɗaɗa ta ta game mabiyansa baki ɗaya. Abin da ya nema a gare su kuwa, a cikin wannan doguwar nasiha, shi ne su lizimci karanta ƙagaggun labarai da waƙoƙi, su ɗauki wannan karatu a matsayin wani sashe na gyaran zuciya. Ya kafa hujja da abin da ya gani da idonsa a shekarun 1964 da 1965, sa'ad da yake matashin malami yana koyar da adabi a wata makarantar 'yan ɗariƙar Jesuit a garin Santa Fe na ƙasar Ajantina, inda manhaja ta wajabta wa yara wani tsohon littafin jaruntaka mai suna El Cid, su kuwa ransu yana ga rubuce-rubucen García Lorca. Sai ya ce su karanta na wajibin a gida, a cikin aji kuma a tattauna wanda suke so, ta wannan ƙofa kuwa sha'awar karatu ta shige su, har suka kai ga marubutan da a da ba su ko waiwaya.

Duk wanda ya san tarihin wannan coci ba zai rasa jinjina al'amarin ba, domin ita ce ta riƙe kundin haramtattun littattafai tun daga 1559 har zuwa 1966, kundin da ya taɓa ƙunsar Madame Bovary na Flaubert, har ma da Les Misérables na Victor Hugo, alhali kuwa da labarin wani bishop mai jinƙai aka buɗe wannan littafi. Amma tsakanin wancan tsanani da wannan sassauci, musamman daga wajen 1920 zuwa wajen 1970, an sami wata jama'a ta marubuta a Faransa da Ingila da Norwe da Amurka da Japan, waɗanda suka riƙi aƙidar Katolika da gaske, wasu a cikinta aka haife su, wasu da girmansu suka shiga, suka kuwa wallafa hikayoyin da a yau masu addini da marasa addini duka suke lissafawa cikin fiyayyen abin da ƙarni na 20 ya bari. A kan waɗannan littattafai nake so in yi magana, da abin da ke cikinsu, da wanda ya dace a miƙa wa kowanne, domin na haƙiƙance akwai fa'ida a cikinsu ga mai karatu Musulmi kamar yadda take ga maƙwabcinsa Kirista.

Da farko ya wajaba a kawar da wani zato, cewa littafin Katolika shi ne wanda aka cika da limamai da majami'u, ko wanda aka shirya domin jawo mutane cikin addinin. Willa Cather ta Amurka ta rubuta Death Comes for the Archbishop a 1927, labarin wasu limamai biyu Faransawa a hamadar New Mexico, 'yan Katolika suna ƙaunarsa ainun, ita kuwa ba 'yar cocinsu ba ce. Tolkien kuma, wanda babu coci ko limami ko ɗaya a cikin The Lord of the Rings, ya shaida wa wani abokinsa limami a cikin wasiƙa cewa aikin nasa na addini ne, na Katolika kuma tun daga tushe. Abin da ya haɗa waɗannan marubuta shi ne irin duniyar da suke kafa labari a cikinta, watau duniyar da rai yake da haƙiƙa a cikinta, zunubi yake da nauyin da zai iya hallaka mai shi har abada, rahamar Ubangiji kuma, wadda Kiristoci ke kira alheri, take bin bawa har cikin wuraren da ba wanda zai yi tsammaninta. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga hikayar da imani ya zama ginshiƙinta, tun da yake an gina Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa bisa ƙaddara da haƙuri da tawakkali. Sai dai shi Shaihu Umar salihi ne tun ƙuruciya har ya zama malamin da ake tahowa ɗaukar karatu a wurinsa, marubutan Katolika kuwa sun fi karkata ga fasiƙi da matsoraci da mazinaci da mashayi, domin a ganinsu a kan irin waɗannan ne aikin rahama ya fi fitowa sarari.

Babu littafin da ya bayyana wannan kamar The Power and the Glory na Graham Greene, wanda ya fito a 1940, shi nake fara ambata wa duk wanda ya nemi in nuna masa inda zai soma. Greene mutumin Ingila ne, an haife shi a 1904, ya shiga Katolika a 1926, a 1938 kuma ya yi tafiya zuwa kudancin Meziko domin ya ga abin da hukuma ta yi wa addini a can. Tsarin mulkin ƙasar na 1917 ya ƙuntata wa coci matuƙa, da Shugaba Calles ya tashi zartar da shi da ƙarfi a 1926 sai yaƙi ya ɓarke tsakanin gwamnati da talakawa masu kishin addininsu, aka shekara uku ana zub da jini. A jihar Tabasco kuwa, ƙarƙashin gwamna Garrido Canabal, abin ya wuce na ko'ina, don an rushe majami'u, an haramta barasa, an kuma kafa doka cewa limamin da ke son zama a jihar sai ya yi aure, alhali limamin Katolika, wanda Kiristocin ƙasarmu ke kira Fada, ya riga ya ɗauki alkawarin ba zai yi aure ba har mutuwa.

A irin wannan jiha Greene ya ajiye labarinsa. Limami ɗaya tak ya rage yana yawo daga ƙauye zuwa ƙauye a ɓoye, ba a kuwa ambaci sunansa ba tun daga farkon littafin har ƙarshensa. Mashayi ne wanda hannunsa ke rawa in bai sha ba, yana da 'ya wadda ya haifa da wata matar ƙauye ba tare da aure ba, shi da kansa kuma ya san girman kai ne ya tsayar da shi sa'ad da sauran limamai suka tsere. Mai farautarsa wani laftanan ne na 'yan sanda, mutum mai kamun kai da gudun duniya, wanda ya ƙi coci saboda abin da ya gani tun yana yaro na yadda limamai ke ƙiba talakawa suna ramewa, yana fatan yaran ƙasarsa su tashi babu yunwa babu camfi; saboda wannan ƙauna kuwa yake kama mutum guda daga ƙauyen da limamin ya ratsa, ya harbe shi in mutanen garin suka ƙi tona asiri. Adalcin da Greene ya yi wa wannan laftanan yana cikin abin da ya ɗaukaka littafin, domin bai mai da shi shaiɗani ba, ya bar shi da hujjojinsa masu ƙarfi da tausayinsa na gaskiya.

Akwai wurare biyu a cikin littafin waɗanda ba su barin zuciyar wanda ya karanta su. Ibadar da Kiristoci ke kira Jibin Ubangiji, wadda ita ce cibiyar addinin Katolika, ba ta ƙulluwa sai da gurasa da ruwan inabi. Limamin ya rasa ruwan inabi, sai ya shiga babban birnin jihar cikin tufafin talaka, ya tattara 'yan kuɗin da suka rage masa, ya sayi kwalba ɗaya a ɓoye daga hannun wani ɗan'uwan gwamna a ɗakin wani otal. Mai sayarwa ya ce a buɗe a ɗan taɓa, shugaban 'yan sanda ya shigo shi ma aka zuba masa, limamin yana zaune yana kallon kwalbar tana raguwa kofi bayan kofi, ba shi da ikon cewa uffan don kada ya tona kansa, har ta ƙare ƙaf, hawaye yana zubo masa, su kuwa ba su san abin da yake yi wa kuka ba. A daren nan aka kama shi da kwalbar wata barasa dabam, aka jefa shi cikin wani kurkuku mai duhu wanda ya cika maƙil, babu wurin miƙe ƙafa, ga warin bokitin bayan gida, ga ɓarayi da masu kisan kai, ga wani tsoho da hankalinsa ya gushe ya jingina kai a kafaɗarsa, ga kuma wata mata mai yawan ibada da aka kama da littattafan addini, tana ta la'antar sauran. A cikin duhun nan ya gaya musu shi limami ne, ya kuma gaya musu irin limamin da yake, yana sane da cewa an sa ladan kuɗi a kansa. Gari ya waye ba wanda ya nuna shi. Greene ya bayyana cewa a wannan dare ne limamin ya ji ƙaunar 'yan Adam irin wadda bai taɓa ji ba a zamanin da yake da coci da daraja da mutane masu sumbatar hannunsa. Da safe laftanan ya dube shi bai gane shi ba, ya ɗauke shi wani tsohon matalauci, ya ciro peso biyar daga aljihunsa ya ba shi.

Daga bisani limamin ya tsallake iyakar jihar ya sami aminci, ya fara komawa cikin tsohon halinsa na jin daɗi, sai ga wani mayaudari da ya daɗe yana bin sawunsa saboda ladan, ya zo ya ce wani ɗan fashi Ba'amurke yana bakin mutuwa a can baya, yana neman wanda zai furta wa zunubansa. Ya san tarko ne, ya kuwa koma. A darensa na ƙarshe ya roƙi a kawo masa wani limami da ya bi doka ya yi aure domin shi ma ya yi nasa furcin, wancan ya ƙi zuwa saboda tsoro, aka harbe shi da safe yana ganin ya tafi wurin Ubangijinsa hannu wofi.

A ƙarƙashin wannan labari akwai wata tsohuwar mas'ala ta ilmin addininsu, wadda a nahiyarmu ta Afirka aka yi jayayyarta. Bayan tsanantawar da Sarkin Rum Diocletian ya yi wa Kiristoci daga shekarar 303, wasu mutanen Afirka ta Arewa, mabiyan wani bishop mai suna Donatus, suka ce duk limamin da ya yi rauni ya miƙa wa hukuma littattafai masu tsarki, to baftismar da ya yi da ibadar da ya jagoranta ɓatattu ne. Babban malaminsu Agustin, bishop na garin Hippo, wanda a yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, ya rasu a 430, ya yi musu raddi da cewa ingancin ibadar daga Allah yake, bai rataya ga tsarkin mai gudanar da ita ba, kamar dai yadda ruwan rijiya ba ya ɓaci don gugan da ya ɗebo shi tsoho ne mai faci. Ra'ayin Agustin shi cocin ta riƙe. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai tuna doguwar maganar da malamanmu suka yi game da hukuncin salla a bayan limami fasiƙi, zai kuma gane cewa abin da Greene ya yi shi ne ya ɗauko mas'alar daga cikin littafin malamai ya sa mata nama da jini. Ba kowa ne a Rum ya ji daɗin haka ba: a 1953 ofishin kula da aƙida ya aika wa Greene da tsawatarwa ta hannun Kadinal Griffin na Westminster, ko da yake ba a sa littafin cikin kundin haramci ba; a 1965 kuwa Fafaroma Paul na Shida ya gana da shi, ya gaya masa ya karanta littafin, ya ce lalle wasu sassan rubuce-rubucensa za su ɓata wa wasu 'yan Katolika rai, kada ya damu da wannan.

Littafi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a zuciya, shi ne Chinmoku, watau Shiru, na Shusaku Endo mutumin Japan, wanda ya fito a 1966, aka fassara shi da Turanci da sunan Silence a 1969, Martin Scorsese kuma ya mai da shi fim a 2016. Addinin Kirista ya isa Japan a 1549 ta hannun Francis Xavier, ya bazu har mabiyansa suka kai ɗaruruwan dubbai, sa'an nan masu mulki suka ji tsoron kada ya zama share fage ga mamayar Turawa. Aka gicciye mutum 26 a Nagasaki a 1597, aka haramta addinin gaba ɗaya a 1614. Da hukuma ta lura kisa ƙara wa mutane himma yake yi, sai ta sake dabara ta koma neman ridda: a ɗaure mutum a rataye shi kai ƙasa cikin rami mai ƙazanta, a ɗan tsaga bayan kunnensa don jini ya riƙa ɗiga kada ya mutu da wuri, har sai ya yarda ya taka wani allo mai siffar Almasihu wanda suke kira fumie. A 1633 shugaban 'yan Jesuit na ƙasar, Cristóvão Ferreira, ya yi ridda a cikin wannan rami, wannan kuwa tarihi ne tabbatacce.

Endo ya ƙago wani ɗalibin Ferreira mai suna Rodrigues, wanda ya taso daga Fotugal domin ya binciki gaskiyar labarin malaminsa, zuciyarsa cike da begen shahada. Wani mashayi matsoraci, Kichijiro, ya yi masa jagora, ya kuma sayar da shi, sa'an nan ya riƙa biyo shi duk inda aka kai shi yana roƙon gafara. A daren da za a yanke al'amarinsa Rodrigues yana cikin kurkuku yana jin wani sauti wanda ya ɗauka minsharin mai gadi ne, har abin ya fusata shi. Sai Ferreira ya shigo ya sanar da shi cewa nishin talakawa ne da aka rataye a rami, waɗanda tuni sun yi ridda da bakinsu, amma ba za a kwance su ba sai shi ya taka allon. Ya taka, zakara kuwa ya yi cara, kamar yadda Linjila ta ba da labarin daren da almajiri Bitrus ya yi musun ubangidansa Almasihu.

Musulmi ba zai karanta wannan ba face ya tuna Ammaru ɗan Yasir, Allah ya yarda da shi, wanda Ƙuraishawa suka kashe mahaifansa, suka azabtar da shi har ya furta abin da suke so, aya ta 106 ta Suratun Nahli kuma ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani. Shari'armu ta ba da ruhusa a halin ikrahi, ko da yake ta fifita wanda ya daure. Koyarwar Katolika kuwa ba ta halatta musun addini ko da a baki kaɗai ba, wannan ne ya sa matakin Rodrigues ya zama girgizar ƙasa a wurinsu, har wasu limaman Japan suka hana mabiyansu karanta littafin. Endo, wanda aka yi wa baftisma yana yaro, ya kuma je birnin Lyon a 1950 ya yi nazarin marubutan Katolika na Faransa, ya ce abin da ya motsa shi shi ne wani fumie da ya gani a Nagasaki, wanda sawun yatsun masu takawa ya yi wa baƙi. Ya tambayi kansa ina labarin raunana, tun da tarihi sunayen shahidai kaɗai ya adana. Tambayar tana da tushe, domin zuriyar waɗanda suka riƙa taka allon kowace shekara, suna komawa gida suna kuka suna neman gafara, su ne suka riƙe addinin a ɓoye fiye da shekara ɗari biyu, har suka bayyana kansu ga wani limami Bafaranshe a cocin Oura ta Nagasaki a 1865. Ba na ba matashi wannan littafi, sai wanda ya riga ya ɗanɗana jarrabawa ya san abin da ake nufi da addu'ar da aka jinkirta amsarta.

Ga malami, ko ma'aikacin asibiti, ko duk wanda yake wahala a kan jama'a ba ya ganin amfanin wahalarsa, na fi son Journal d'un curé de campagne na Georges Bernanos, na 1936, wanda 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi za su iya karantawa cikin Faransancinsa na asali. Littafin ajiyar sirri ne na wani matashin limami a ƙauyen Ambricourt, wanda ciwon ciki ya hana shi cin komai sai busasshiyar gurasa da yake jiƙawa da ruwan inabi, mutanen gari suka ɗauke shi mashayi, alhali ciwon daji ne ke cinsa. A tsakiyarsa akwai muhawararsa da matar attajirin garin, wadda ta ƙulla gaba da Ubangiji tun mutuwar ɗanta, kuma ban san wata muhawara a kan yarda da ƙaddara da ta fi ta ƙarfi a cikin ƙagaggun labaran Turawa ba. Ga ma'aurata kuwa, musamman mata, sai Kristin Lavransdatter na Sigrid Undset 'yar Norwe, juzu'i uku da suka fito tsakanin 1920 da 1922, marubuciyar ta shiga Katolika a 1924, ta karɓi kyautar Nobel a 1928. Labarin mace ɗaya ne a ƙarni na 14, tun tana yarinya a gidan uba mai mutunci, da yadda ta warware baikon da ya yi mata ta auri wanda zuciyarta ke so, da shekarun da ta yi tana biyan bashin wannan zaɓi tsakanin ƙauna da riƙo da renon 'ya'ya maza, har ta rasu a annobar 1349 tana jinyar marasa lafiya. Yana da tsawo, ya haura shafi dubu, amma duk matar da ta san zaman aure za ta sami wani abu nata a ciki.

Sauran sai in ambace su a taƙaice. I promessi sposi na Manzoni, na 1827, shi ne kakansu duka, labarin saurayi da budurwa da wani azzalumin mai gari ya hana ɗaura wa aure, ya fi sauran sauƙi da tsabta, Fafaroma Francis ma ya ce sau uku ya karanta shi. François Mauriac, mai kyautar Nobel ta 1952, gwani ne wajen tona riyar gidajen masu dukiya, kamar a Thérèse Desqueyroux, inda mace ta ba mijinta guba dangi suka rufe maganar domin kare suna. Brideshead Revisited na Evelyn Waugh, na 1945, yana da kyawun lafazi, sai dai sha'awarsa ga manyan gidajen Ingila takan gundiri wanda bai damu da su ba. Flannery O'Connor ta jihar Georgia, wadda ta rasu a 1964 tana da shekara 39, gajerun labaranta cike suke da tashin hankali, sai mai ƙarfin zuciya.

The Heart of the Matter, wanda Greene ya wallafa a 1948 bayan ya yi wa Ingila aikin leƙen asiri a Freetown ta Saliyo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana bukatar gargaɗi na musamman. Nazari ne mai zurfi a kan yadda tausayin da babu hikima a cikinsa ya ja wani jami'in 'yan sanda mai gaskiya, Scobie, zuwa ga bashi da zina da ƙarya har ya kashe kansa. Amma baƙar fata a cikinsa barori ne da 'yan kallo, George Orwell ma tun a shekarar ya yi sukar cewa da an mai da labarin wata unguwa a Landan da ba abin da zai sake. Saboda haka nake ganin wajibi ne a haɗa shi da abin da 'yan Afirka suka rubuta da kansu. Le Pauvre Christ de Bomba na Mongo Beti ɗan Kamaru, na 1956, ya nuna wani Fada Bature wanda bayan shekara ashirin yana aiki ya gano cewa gidan da ya kafa domin tarbiyyar 'yan mata masu shirin aure ya zama wurin bauta da lalata a hannun mataimakansa. Beti daga waje yake duban cocin, da ido mai zafi, amma shaidarsa tana cike giɓin da Turawa suka bari. Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie, na 2003, daga ciki yake magana: ga Eugene, attajirin Enugu mai yawan sadaka da tsayuwa a kan gaskiya a jaridarsa, wanda ya zuba wa 'yarsa Kambili tafasasshen ruwa a ƙafa domin ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya, ga kuma ƙanwarsa Ifeoma, malamar jami'a a Nsukka, 'yar Katolika ita ma, wadda gidanta ke cike da dariya da waƙar yabo cikin harshen Ibo. Wannan ya dace da 'yan sakandare manya da iyayensu tare, domin tsanantawa da sunan addini a cikin gida cuta ce da ba ta keɓanta da al'umma ɗaya ba.

Wanda zai ba wani shawarar karatu yana ɗauke da amana, don haka akwai abu biyu da ya kamata ya faɗa tun farko. Ɗaya shi ne cewa waɗannan littattafai suna ambaton giya da zina da kisan kai a fili, ba na yara ba ne, ba kuma na wanda ke neman manaƙibun salihai ba. Ɗayan kuwa shi ne ba a ɗaukar aƙida daga hikaya: Musulmi ya san inda ya saɓa da Kirista game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da maganar gicciye, da furta zunubi ga limami, karatun labari kuma ba ya neman ya sauka daga matsayinsa; haka wanda ke son sanin abin da cocin take koyarwa a hukumance, littafin katakizim ɗinta na 1992 zai nema, domin 'yan Katolika da kansu sun yi ta jayayya da Greene da Endo. Abin da zai samu shi ne sanin yadda tsoron azaba da fatan rahama suke kai-kawo a zuciyar maƙwabcinsa, wanda yake gani kowace Lahadi a Kaduna ko Jos ko Kafanchan ko Maraɗi yana tafiya coci da iyalinsa.

Akwai kuma labari ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, a cikin Say You're One of Them na Uwem Akpan, wanda ya fito a 2008 lokacin marubucin yana limami a ɗariƙar Jesuit. Sunan labarin Luxurious Hearses, jaruminsa kuwa yaro ne Musulmi mai suna Jubril, wanda mahaifinsa Kirista ne ɗan kudu, aka yi masa baftisma yana jariri, ya tashi a arewa wajen dangin uwa; rikicin addini ya ɓarke, abokansa suka juya masa baya, wani malami Musulmi ya ɓoye shi tare da Kiristocin da yake ɓoyewa a gidansa, daga nan ya shiga babbar mota cike da Kiristoci masu gudu zuwa kudu, yana ɓoye hannunsa da aka yanke a cikin aljihu, yana tsoron buɗe baki kada lafazinsa ya tona shi. Akpan bai wanke ɓangare ko ɗaya ba, ƙarshen labarin kuwa mai ɗaci ne ƙwarai. Ba zan miƙa shi ga wanda ya rasa ɗan'uwa a irin waɗannan fitinu kwanan nan ba. Amma limaman masallatai da na coci-coci, da malaman makarantu, da shugabannin matasa na garuruwan da abin ya taɓa faruwa, ina roƙonsu su neme shi su karanta, in da hali ma su karanta shi a zama ɗaya.